Yadda Ake Shirya Wa Gudun Altira na Farko: Ƙafa, Ciki da Zuciya

Gudun fanfalaki kilomita 42.195 ne. Duk tseren da ya zarce haka shi ake kira altira. Mafi yawan mutane da kilomita 50 suke farawa, sama da shi akwai mil 50, wato kusan kilomita 80, sai kilomita 100, sai mil 100 da ke daidai da kilomita 161. Akwai kuma na lokaci, inda ake ta zagaya fili ɗaya tsawon awa 6, ko 12, ko 24, a ga wanda zai fi cin nisa. A irin wannan ne Aleksandr Sorokin na ƙasar Lituweniya ya ci kilomita 319 da 'yan kai cikin awa 24 a shekarar 2022.

Wanda ya saba da gajeren tsere yakan zaci ƙarfin ƙafa da numfashi ne za su yanke hukunci. A altira, abin da ya fi fitar da mutane daga tsere shi ne cikin da ya ƙi karɓar abinci, da bororo a tafin ƙafa, da zafin rana, da wata awa guda da zuciya ke karyewa. Dukkansu ana iya yin atisayensu tun kafin ranar, kuma a kansu ne shirin ya kamata ya fi tsayawa.

Mataki na farko: auna kanka, sannan ka zaɓi tsere

Kafin ka yi rajista, ya zamana ka shekara guda aƙalla kana gudu ba yankewa, kana cin kilomita 40 zuwa 50 a mako ba tare da ciwo ba. Idan ka taɓa gama fanfalaki, ya fi. Mai hawan jini, ko ciwon suga, ko matsalar zuciya ko ƙoda, ko mai ɗauke da ƙwayar sikila, ya fara ganin likita ya gaya masa ainihin abin da yake shirin yi, da yawan awannin da zai shafe a kan hanya. Haka ma wanda ya taɓa suma ko jin ciwon ƙirji yana cikin motsa jiki.

Ka zaɓi kilomita 50, ka ba kanka mako 16 zuwa 24. Sai ka zauna ka karanta bayanin tseren da kyau, domin nisa kaɗai ba ya gaya maka wahalarsa. Kilomita 50 a kan kwalta shimfiɗaɗɗiya daban, kilomita 50 mai hawan mita 2,500 a kan duwatsu daban. Na biyun yana iya cinye maka ƙarin awa biyu ko uku. Ka duba jimillar hawa, da irin ƙasar, da tazarar da ke tsakanin zangunan ruwa da abinci, da kayan da aka wajabta ɗauka, da wa'adin kowane zango.

Wa'adin nan ka yi masa lissafi da biro. Ɗauki tseren Comrades na Afirka ta Kudu, wanda ake yi tun 1921 tsakanin Durban da Pietermaritzburg: kusan kilomita 89 ne, wa'adinsa awa 12. Idan ka raba, minti 8 ne da ɗan ɗoriya a kowace kilomita, kuma a cikin minti takwas ɗin nan ne za ka ci, ka sha, ka shiga bayan gida, ka taka a wuraren hawa. Ka yi wa naka tseren irin wannan rabon. Manya irin su UTMB, mai zagaye tsaunin Mont Blanc ta Faransa da Italiya da Suwizalan, kusan kilomita 170 da hawan mita 10,000, ka bar su sai gaba. Su ma kansu ba sa karɓar mutum sai ya nuna ya gama wasu tseren.

Mataki na biyu: gina mako

Kwana huɗu ko biyar na gudu a mako sun isa. Kusan kashi 80 cikin 100 na gudun ya zama mai sauƙi, irin wanda za ka iya hira da abokin gudunka ba tare da haki ya katse maka magana ba. Sababbi a nan suke kuskure: suna jin kunyar gudu a hankali, sai su mayar da kowace fita gwajin ƙarfi, bayan wata biyu ƙwauri ko agara ya tsayar da su. Zuciya da huhu suna sabawa cikin makonni, amma ƙashi da jijiyoyi watanni suke bukata. Shi ya sa za ka ji numfashinka na cewa ƙara, alhali ƙafarka ba ta kai nan ba.

Ka riƙa ƙara nisan mako kaɗan-kaɗan, kamar kashi 10 cikin 100, mako uku a jere. A na huɗu ka rage kusan kashi ɗaya cikin uku. A makon ragin nan ne jiki ke ɗinke abin da ya yage, kada ka ɗauke shi lalaci.

Dogon gudu sau ɗaya a mako shi ne ginshiƙi, kuma da awa za ka auna shi, ba da kilomita ba. Fara daga awa biyu, ka kai shi awa huɗu ko huɗu da rabi. Mai shirin kilomita 50 ba ya bukatar ya yi 50 a atisaye. 32 zuwa 35 sun wadatar. Mai shirin 80 ko 100, ya shiga tseren kilomita 50 kamar mako shida zuwa takwas kafin ranar, ya ɗauke shi gwaji.

A watanni biyun ƙarshe, sau biyu ko uku, ka yi dogon gudu kwana biyu a jere: awa huɗu yau, awa biyu gobe da safe. Na biyun shi ne darasin. Za ka fita da ƙafafu masu nauyi, minti ashirin na farko kamar ba za su motsa ba, daga baya su saki. Wannan sakin da za ka ji da jikinka shi za ka tuna a kilomita 38. Kada ka mayar da hakan al'adar kowane mako, yana cin jiki.

Ciwo iri biyu ne. Tsamin tsoka da ke ko'ina, wanda ke raguwa idan jiki ya yi ɗumi, a ci gaba da shi. Zogin da za ka iya nuna wurinsa da ɗan yatsa ɗaya a kan ƙashi, wanda ke ƙaruwa da gudu ko yake sa ka ɗingishi, alamar tsagewar ƙashi ce mai yiwuwa. Tsaya ka je a duba. Mata su lura da ƙarancin jini, kuma ɗaukewar al'ada a lokacin atisaye mai tsanani alama ce cewa abincin bai kai aikin da jiki ke yi ba.

Mataki na uku: koyi tafiya, koyi gangara

A altira kowa yana barin gudu ya taka, har waɗanda ke lashewa, idan hawa ya yi tsanani. Bambancin shi ne wani ya tsara tafiyarsa tun daga farko, wani kuma sai da gajiya ta tilasta masa. Ka saba da tafiya mai ƙarfi a hawa: gajeren taki, jiki ya ɗan karkata gaba, hannuwa a kan cinya suna turawa idan wurin ya miƙe. A shimfiɗaɗɗen wuri kuma gwada gudun minti 9, tafiyar minti 1, tun daga kilomita ta farko. A mintin tafiyar ne za ka ci ka sha.

Gangara kuwa ita ce ke yaudara. Numfashi yana hutawa, amma tsokar gaban cinya tana aikin birki a kowane taki, tana miƙewa tana ɗauke da nauyinka, kuma irin wannan aikin ne ya fi yayyaga tsoka. Wanda bai horar da ita ba, zai kai inda saukowa daga ɗan tudu ma sai da baya-baya. Abin daɗin shi ne tsokar tana sabawa da wuri: gudun gangara sau ɗaya duk mako biyu yana ba da kariya sosai. Gajeren taki, mai sauri, kada ka jefa dunduniya can gaba.

Ka haɗa da ƙarfafa jiki sau biyu a mako, minti 25: tsugunno da miƙewa, hawa benci da ƙafa ɗaya, ɗaga dunduniya a bakin matakala, da motsin ƙarfafa ƙugu da ciki.

Mataki na huɗu: horar da ciki

Ga lissafin. Mutum yana ƙona kusan kalori 1 (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) a kan kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita. Mai kilo 70 zai ƙona kusan kalori 3,500 a kilomita 50 ta shimfiɗe. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta bai wuce na kalori 2,000 ba. Kitse yana cike wani ɓangare, musamman idan ana gudu a hankali, amma ragowar dole ta shiga ta baki kana cikin tafiya. Matsalar ita ce a lokacin gudu jini yana barin hanji ya koma ƙafafu da fata, ga jijjiga, ga zafi. Cikin da bai saba ba sai ya kumbura, tashin zuciya ya biyo baya, mutum ya daina ci, bayan awa ɗaya ƙarfi ya ƙare.

Hanji yana koyo kamar yadda tsoka ke koyo. A duk dogon gudu, ka fara ci tun a minti 30 zuwa 40, kafin yunwa ta zo, sannan ka riƙa ɗan ci duk minti 20 ko 30. Abin nema shi ne giram 40 zuwa 60 na sitaci da sukari a awa. Waɗanda suka horu suna kaiwa 90. Ayaba matsakaiciya tana da kusan giram 25, ƙunshin gel ɗaya na masu gudu, wato sukari mai kauri da ake matsawa a baki, ma kusan haka. Fara da giram 30 a awa, ka riƙa ƙarawa mako-mako.

Bayan awa huɗu ko biyar, zaƙi yakan gundiri baki, har ganin gel ya sa ka yamutsa fuska. Don haka ka tanadi mai gishiri: dafaffen dankali da aka barbaɗa wa gishiri, ko biskit mai gishiri, ko romo mai ɗumi idan zangon yana da shi. Ka nemi sanin abin da masu tseren za su ajiye a zanguna, ka gwada shi a atisaye. Mai yawan maiƙo da mai yawan harza suna daɗewa a ciki, a yi hankali da su. Kofi ko lemo mai sa wartsakewa ka adana shi sai kashi na ƙarshe.

Idan zuciya ta fara tashi, rage gudu zuwa tafiya, jiƙa kai da wuya, kurɓi ruwa kaɗan-kaɗan, ka ba cikin minti 15. Sau da yawa yana dawowa. Ko amai ma ba ƙarshen tsere ba ne. Mutane da dama suna jin sauƙi bayansa su ci gaba.

Ruwa fa? Ka auna nauyinka kafin gudun awa ɗaya da bayansa, ba kaya a jikinka. Kowane kilo da ka rasa kusan lita ɗaya ce ta gumi, sai ka haɗa da abin da ka sha. Yawancin mutane suna bukatar mililita 400 zuwa 800 a awa, gwargwadon zafi. Ka bi ƙishirwa, kada ka yi ta ɗura ruwa saboda tsoro. Shan da ya wuce kima yana tsinka gishirin jini, kuma masu gudu a hankali, da ke daɗewa a hanya suna sha a kowane zango, su ne suka fi faɗawa ciki. Alamominsa ciwon kai, kumburin yatsu har zobe ya matse, amai, da ruɗewa. Yana kisa. Wanda ya ga haka ya daina sha ya nemi ma'aikatan lafiya.

Magungunan kashe zogi irin su ibuprofen da diclofenac kada ka sha su a tsere. Ƙoda tana cikin wahala da ma, ga ƙarancin ruwa, ga tarkacen tsokar da ta farfashe tana tacewa, magungunan kuma suna rage jinin da ke isa gare ta. Fitsarin da ya koma baƙi-baƙi kamar ruwan shayi mai kauri, ko ya ɗauke gaba ɗaya na awanni, maganar asibiti ce.

Mataki na biyar: ƙafa da kaya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Takalmi, safa, wando, jakar ruwa, duk sai sun yi dogon gudu da kai sau biyu ko uku. Ƙafa tana kumbura bayan awanni, saboda haka takalmin ya bar faɗin babban yatsa a gaba. Safar auduga tana riƙe gumi ta jawo bororo. Yanke farce kwana huɗu ko biyar kafin tsere, ba a daren ba. Shafa basilin a matsematsi, da hammata, da inda madaurin jaka ke goga. Maza su manna filasta a kan nono, in ba haka ba riga za ta goge shi har jini.

Da ka ji wani wuri a tafin ƙafa ya fara ɗumi, ko ɗan tsakuwa ya shiga takalmi, zauna a take ka gyara. Minti biyu ne. Idan ka ce sai zango na gaba, za ka isa da bororo mai ruwa da za ka taka har ƙarshe.

Idan tseren zai shiga dare, yi gudun dare sau biyu da tocilar goshi, ka ɗauki batirin ko-ta-kwana. Idan wurin ya fi inda kake zafi, jiki yana bukatar kwana 10 zuwa 14 na motsa jiki cikin zafi kafin ya saba.

Mataki na shida: zuciya

Ka sa a ranka tun yanzu cewa akwai lokacin da za ka tsani tseren, ka tsani wanda ya ba ka shawarar shiga. A tseren kilomita 50 yakan zo tsakanin kilomita 32 da 42. A masu tsawo yana zuwa ya tafi ya dawo, ya fi muni a tsakar dare zuwa gabanin wayewar gari. Wanda bai san da zuwansa ba yana ɗauka wani abu ne ya lalace. Wanda ya sani yana cewa, to, ga shi ya iso. Courtney Dauwalter ta Amurka, wadda ta lashe manyan tseren altira uku, Western States da Hardrock da UTMB, duka a 2023, takan kwatanta wannan yanayin da kogon da take shiga da gangan ta ci gaba da haƙa shi.

Abu mafi amfani da zan gaya maka a nan shi ne: baƙin cikin da ke sauko maka a tsakiyar tsere, rabinsa yunwa ce. Ƙwaƙwalwa da sukari take aiki, kuma idan ya yi ƙasa ba ta cewa tana jin yunwa, sai ta ce maka wannan abin banza ne, koma gida. Don haka dokar ita ce, da zarar tunani ya yi duhu, ci wani abu, sha, taka na minti goma, sannan ka sake sauraron kanka.

Kada ka ɗauki nisan a dunƙule. Aikinka shi ne isa zango na gaba, kilomita 7 ko 9. Idan hakan ya yi yawa, wancan tudun. Idan ya yi yawa, taki ɗari. Cire ragowar kilomita daga fuskar agogonka in tana tayar maka da hankali.

Mako biyu kafin tsere, ɗauki takarda ka rubuta abubuwa uku. Na ɗaya, burinka hawa uku: lokacin da kake so idan komai ya tafi daidai, lokacin da za ka gamsu da shi, da gamawa kawai cikin wa'adi. Mai buri ɗaya tak, da ya kuɓuce masa sai ya ga babu dalilin ci gaba. Na biyu, idan kaza ya faru zan yi kaza: idan na ɓata hanya zan koma alamar ƙarshe da na gani, idan tsoka ta ɗaure zan taka in miƙe ta a hankali, idan gel ya ƙi shiga zan koma mai gishiri. Gajiyayyen mutum ba ya iya tunani mai kyau, amma yana iya bin abin da ya riga ya yanke. Na uku, dalilan da za su sa ka janye: ciwon ƙirji, jiri ko ruɗewa, zafin jikin da ya ƙi sauka, ciwon da ya canza maka taki, fitsari mai duhu, ko umarnin likitan tsere. Waɗannan ba a jayayya da su, kuma janyewa a kansu ba abin kunya ba ne. Abin da ba ya cikin takardar, gajiya ce, kuma gajiya ba ta isa dalili ba.

Kujerar zango tana da haɗari. Kafin ka isa, jera abin da za ka yi: cika gora, ɗauki abinci, shafa mai, fita. Idan ka ji lallai sai ka janye, zauna minti goma ka ci, sannan ka tashi ka yi tafiyar kilomita ɗaya kafin ka yanke.

Duk wannan ana gwada shi a atisaye. Wani lokacin ka fita ba kiɗa a kunne, kai kaɗai, ka zagaya hanya ɗaya mai gundura har awa uku. Ka fita ranar da ba ka so. Ka zaɓi gajeriyar magana guda da za ka riƙa gaya wa kanka, ka saba da ita tun yanzu. Iyalinka ma ka zauna da su, domin awannin nan daga lokacinsu kake ɗiba, kuma mai fita da rigima a gida ba ya gudu da natsuwa.

Makonni ukun ƙarshe

Dogon gudu mafi tsawo ya kasance saura mako uku. Daga nan rage: kusan kashi 75 cikin 100 na abin da ka saba, sai rabi, sai ɗan sassarfa biyu ko uku a makon tseren. Za ka ji ƙafa ta yi nauyi, ƙananan ciwuka su ɓullo, zuciya ta ce atisayen bai isa ba. Kowa yana jin haka. Babu ƙarfin da za ka ƙara a kwana goma, amma kana iya jawo wa kanka rauni.

Kwana biyu kafin ranar, ƙara abinci mai sitaci, rage mai harza da mai yaji. Barcin daren jajibiri ba ya samuwa sosai, don haka ka yi mai kyau a daren da ya gabace shi. Shimfiɗa kayanka a ƙasa tun da rana, ka bi jerin waɗanda aka wajabta ɗaya bayan ɗaya. Karya kumallo awa biyu zuwa uku kafin a fara tseren, da abin da ka saba ci kafin dogon gudu.

Idan aka tashi, tsaya can baya. Jiki ya huta, jama'a na ihu, gudun da ya fi ƙarfinka zai zo maka da sauƙi. Bar su su wuce. A kashi ɗaya cikin uku na farko ya kamata ka riƙa jin kamar kana ɓata lokaci. Idan kana haki a awar farko, ka yi sauri, rage. Saita agogo ya riƙa ƙara duk minti 25, kuma duk lokacin da ya yi ƙara ka sa wani abu a baki, ko kana so ko ba ka so.